Luba, Ki Karanta Kafin Ki Isa Wurin Siliki

Wurno,
Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Lubabatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta ishe ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Allah ya tsare hanyarki tun daga ƙofar gidan nan har Sakkwato, daga can har filin jirgi, ya sauke ki ƙasar Jamus lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya nisanta ki da waɗanda ba su ba. Babanki na gaishe ki, ko da yake shi zai faɗa miki nasa da bakinsa kafin ki shiga mota.

Na cusa takardar cikin aljihun jakar sandunanki don kada ki gan ta sai kin yi nisa. Ba labarin gida zan ba ki ba, kin bar mu lafiya, kin san kome. Shekara talatin ke nan ina tsayawa gaban allo ina nuna wa 'ya'yan mutane kuskurensu da jan biro. Yau nawa zan nuna miki. Wasu kin taɓa jin gefensu, ɗaya kuwa ba ki san shi ba ko kaɗan, kuma shi ya fi nauyi. Ki yi haƙuri ki bi ni a hankali har mu kai gare shi.

Ke kin san Siliki a waya da hoto, dattijuwa mai furfura wadda za ta horar da ke wasan golf. Ni na san ta tana budurwa 'yar shekara sha tara, ni kuma ina sha bakwai. Lokacin ana tsakiyar aikin tare gulbin Rima a Goronyo. Kakanki, Allah ya jiƙansa, yana aikin awon ƙasa da tafinta tare da injiniyoyi, shi ya sa munka bar Wurno munka zauna can na wasu shekaru. Uban Siliki yana cikin masu kula da ƙofofin ruwa. A ƙasarsu in sanyi ya sauka ƙanƙara na rufe fili, ba a iya wasa, sai ta riƙa zuwa wurin iyayenta ta yi wata uku tana atisaye. Sunanta Silke, amma matan unguwarmu sunka ga gashinta, sunka ce ai wannan siliki ne, suna ya bi ta.

Bayan gidajen ma'aikata akwai wani fegi da katafila ta baje. Nan injiniyoyin sunka yi ramuka shida, sunka binne gwangwanayen madara, sunka kewaye kowane rami da yashi da anka cuɗa da baƙin mai don ƙwallo ta riƙa gangarawa sumul. Ina hutu daga makarantar horon malamai, ni ke kai wa Baba abincin rana, ta nan nike bi. Rannan na tsaya kallo, ta yafito ni, ta miƙo mini sanda. Na ajiye kwano, na ɗaure zane, na auna na sake hannu. Ƙwallo ta tashi ta wuce inda tata ta faɗi.

Ta buɗe baki. Ta ce, "Kulu, wa ya koya miki?"

Na ce, "Ba kowa. Tun ina 'yar shekara bakwai nike daka."

Ta yi ta dariya har ta zauna ƙasa. Daga rannan munka zama ƙawaye, kuma daga rannan kuskurena na farko ya soma. Na ɗauka abin a jinina yake, ba ni bukatar wahala. Ita tun rana ba ta ɗago ba tana fili da bokiti cike da ƙwallaye, ta buge su duka, ta bi ta tsince, ta sake. Bugu iri ɗaya, wuri ɗaya, har tafin hannunta ya yi kanta ya fashe. Ni sai na ga dama nike zuwa. Har ina taya 'yan matan unguwa yi mata dariya, muna cewa Baturiya ta rasa aikin yi. Da ta dawo shekara ta biyu, ba ramin da na ci ta ko ɗaya. Nisan buguna na nan, amma ban san inda ƙwallon za ta ba, ita kuwa tana ajiye tata kamar da hannu. Maimakon in tambaye ta mi ta yi, sai na ce sandar da ta ba ni ce ba ta da kyau.

Luba, kin gaji hannuna. A Kaduna ba wadda ta kai ki nisan bugu, kowa ya faɗa, ke ma kin ji daɗin jin haka. Inda za ki akwai 'yan mata da yawa masu hannu irin naki, waɗanda kuma sunka riga ki tashi da safe tun suna ƙanana. Baiwa Allah ya ba ki, ba ki da abin alfahari cikinta. Abin da zai zama naki shi ne bokitin da kinka buge ranar da ba ki so. In Siliki ta ce ki maimaita abu sau ɗari, kada ki tsaya a casa'in ki ce ai kin gane. In anka ci ki, kada ki zargi sanda, ko iska, ko sanyi. Ki je wurin wadda ta ci ki ki tambaye ta.

Na biyu ya fi wannan kunya. Shanun Fulani na ratsa fegin nan in za su shan ruwa. Wata rana muna ƙirga bugu, mun zo rami na ƙarshe kankankan, ƙwallona ta faɗa cikin sawun kofaton saniya da ya bushe. Ba yadda za a yi ta fita da bugu ɗaya mai kyau. Na duba, Siliki ta juya baya tana zaɓen sanda. Na matsa, na sa babban yatsan ƙafa ƙarƙashin zane na turo ta waje. Na buga, na ci.

Da munka gama ta ciro ɗan katin da take rubuta ƙidaya. Ta ce, "Nawa zan rubuta miki?"

Na ce, "Huɗu."

Ta dube ni, ta rubuta. Sannan ta ce, "Daga gobe ba sai mun ƙirga ba. Mu riƙa bugawa kawai."

Ba ta daina dariya da ni ba, ba ta daina zuwa gidanmu cin tuwon shinkafa ba. Amma har ta bar Goronyo ba ta sake fiddo katin nan in muna tare ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na san ta gani, ta san na sani, girman kai ya hana ni buɗe baki. Sai bana na iya ce mata, "Rannan na tura ƙwallon da ƙafa."

Bayan 'yan shekaru ta rubuto mini abin da ya same ta a gasar tantancewa, wadda in kin ci ake ba ki izinin shiga gasar ƙwararru na shekara guda. Irin wadda za ki shiga ke nan. A rana ta ƙarshe ƙwallonta ta faɗa cikin doguwar ciyawa. Da ta kafa sanda, ƙwallon ta ɗan motsa. Ba wanda ya gani, abokiyar wasanta tana can nesa. Ta kira ta, ta ce a ƙara mata bugu ɗaya, haka dokar ta ce. Da anka haɗa sakamako, bugu ɗayan nan ne ya fitar da ita. Shekara guda ta yi tana aiki a shagon sayar da kayan wasa, tana atisaye da yamma, sannan ta koma ta sake gwadawa, ta shiga. Na karanta takardar ina zaune bakin gado, na ji kamar ni anka rubuta don a tona.

Wanga wasa naku ba alƙali biye da ke a kowane taki. Ke ce mai faɗin abin da kinka buga, ke ce mai sa hannu. Ranar za ta zo, ina tabbatar miki, da ƙwallo za ta motsa ba kowa kusa, kuma duk wahalarki ta shekara tana rataye da bugun nan. Ki faɗi gaskiya. In ta fitar da ke, ki dawo mini a fitacciya, zan tarbe ki da guɗa. Ba na son kofin da za ki riƙa kauda ido in kin gan shi.

Na uku. A zuwanta na ƙarshe Siliki ta samo mini gurbi a wata gasar mata a Kaduna. Ta zo da gudu har tsakar gidanmu da takardar a hannu. Mahaifiyarta za ta raka mu, ubanta zai tuƙa mota, kwana huɗu mu dawo. Abu ɗaya ya rage, in tambayi Baba. Na kwana biyu ina juya maganar. Na tuna gidanmu gidan malamai ne, kakanninmu na kwance kusa da hubbare, mi za a ce a Wurno in anka ji ɗiyar Malam Bube ta tafi buga ƙwallo gaban maza? Na tsara wa kaina irin faɗan da Baba zai yi, har da kalmomin da zai faɗa. Rana ta uku na je na ce mata, "Baba ya hana." Ban tambaye shi ba, Luba. Ko kusa da maganar ban kai shi ba.

Ta yi kuka. Ta tafi babu ni, ta ciyo ta biyu.

Shekaru sun wuce, na yi aure, na haifi yayyenki. Lokacin ciwon da Baba bai tashi ba, ina zaune gefensa a zaure ina yi masa fifita, sai ya ce, "Kulu, wai ina ƙawarki Bajamusa? Tana lahiya?"

Na ce tana lafiya, ta zama ƙwararriya, da wasan take ci take sha.

Can ya ce, "Ubanta ya ishe ni bakin aiki, yac ce mi ya sa na hana ki zuwa Kaduna. Na rasa abin ce mishi, don ban san da zancen ba. Na ruhe miki asiri, na ce mishi hakanan."

Mafici ya tsaya a hannuna. Na ce, "Baba, ashe ka sani?"

Ya ce, "Na sani. Na yi ta jira ki zo ki tambaye ni, ba ki zo ba. Da kin zo, da na ce a tahi da gwaggonki Inno ta tsare ki. Mi na a ciki? Sanda ce da ƙwallo."

Bai ƙara kwana goma ba ya rasu. Na daɗe ina gaya wa mutane, har da ke, cewa zamani ne ya hana ni. Ba zamani ba ne, tsoro ne, na lulluɓe shi da sunan biyayya, na kuma jingina wa mahaifina hanin da bai yi ba. Don haka ki ji ni da kyau. Duk abin da kike so a can, ki buɗe baki ki tambaya. Wurin salla, naman da ya halatta, ƙarin lokacin atisaye, shiga gasar da kike ganin ta fi ƙarfinki. Kada ki amsa wa mutum tambayar da ba ki yi masa ba. In ya ce a'a, kin ji daga bakinsa, ki san abin yi. Yawancin ƙofofin da na tsaya gabansu ina jin tsoro a rayuwata, ban ko taɓa su ba balle in san ko a kulle suke.

Bayan ta koma ƙasarsu ba ta yar da ni ba. Takardunta na zuwa makarantar da nike koyarwa a Rabah. Daga cikinsu na san yadda rayuwar 'yar wasan sana'a take, kuma ba yadda kike hange ba ce. Wata tsohuwar mota gare ta, da ita take ratsa ƙasashe daga gasa zuwa gasa, jakar sanduna a kujerar baya. Ana wasa kwana biyu a zubar da rabin 'yan wasa, sauran su ci gaba. Ta rubuto cewa sau bakwai a jere tana cikin waɗanda anka zubar. Ta ce tana shiga mota ta kife kai a sitiyari, in ta gama ta tayar ta nufi gari na gaba. Sai a shekararta ta biyar ta ci gasa, cikin ruwan sama, ta aiko mini hoto tana riƙe da kofi gashi duk a jiƙe.

Kin san abin da na ji da na ga hoton? Ba murna ba. Ina tsaye a ofishin hedimasta, goyo a bayana, alli a hannuna, na ce a raina ni na fi ta hannu. Na mayar mata da layi uku, na ce na taya ta murna, aiki ya yi mini yawa.

Takardar da ta biyo baya daban ce. Wuyan hannunta ya samu rauni, an yi mata aiki, likita ya ce wataƙila ba ta ƙara riƙe sanda. Cikin watannin nan mahaifinta ya rasu. A ƙarshen takardar ta ce, "Kulu, ki rubuto mini ko layi biyu. Ki ba ni labarin gulbi, ya cika bana?" Na ce gobe. Gobe ta zama mako, mako ya zama shekara, daga nan kunya ta hana ni. Ta sake rubutowa sau biyu, sannan ta bari. Daga baya na ji ta yi shekara biyu ba ta wasa, ta dawo da hannu mai ɗauri, ta ƙara yin shekaru masu yawa a fili. Ba ta zama ta ɗaya a duniya ba, amma ta ci gumin sana'arta da mutunci har ta koma horar da 'yan mata. Duk wannan ta yi shi ba tare da layi biyun da ta roƙe ni ba.

Abu biyu nike so ki ɗauka a nan. Za ki zauna da 'yan mata masu neman abin da kike nema, wata za ta riga ki samu, wataƙila wadda kike ganin ba ta kai ki ba. Ki je ki rungume ta tun zuciyarki ba ta gama yarda ba, zuciyar za ta biyo daga baya. In kuwa ta faɗi, a ranar ki neme ta, kada ki bari sai kin samo kalmomi masu kyau. Sannan mu nan gida, kada ki riƙa kiranmu sai ranar da kinka ci. Ranar da anka zubar da ke ita ce ranar da na fi son jin muryarki.

To, mun iso inda nike gudu.

Kin tuna shekarar babbar ambaliya, da anka saki ruwa gulbi ya haye gonakin shinkafa ya shigo mana har ɗaka. Muna shanya kaya a tsakar gida kinka buɗe tsohuwar adakata, kinka tarar da takardun nan da sanda guda da Siliki ta bar mini. Kina 'yar shekara sha ɗaya. Kafin mako ya zagayo kina fadama kina bugun 'ya'yan goruba. Na ce wa babanki a bar ki, wasan yara ne, za ki gaji. Ba ki gaji ba. Da kinka tafi karatu Kaduna kinka samu fili na gaske, kinka fara ciyo gasa, ke da kanki kinka nemo Siliki a waya, kinka aika mata bidiyon bugunki. Ta ce miki ki ba ta lokaci, akwai abin da take jira. Ke kin ɗauka amsar hukumar wasa ce ko ta ofishin jakadanci.

Ni take jira, Luba.

Ta rubuto mini takarda da hannunta zuwa tsohuwar makarantata ta Rabah, don shi ne adireshin da ta sani. Malama Rifkatu, abokiyar aikina 'yar Zuru, ita ta hau kabu-kabu ta kawo mini har gida. A ciki Siliki ta ce ta ga bugunki, ta gane hannun. Ta ce za ta ɗauke ki ki zauna gidanta, ta shirya ki don gasar tantancewa ta bara. Amma ba za ta gayyace ki ba sai ta ji yardata daga bakina, don ba ta son raba ɗiya da uwarta.

Na karanta, na ninke, na tura ƙarƙashin takardun jarrabawa a cikin kabad. Wata tara tana nan.

Ina kallonki kina duba waya kina ajewa. Ina kallonki kina ramewa. Rannan muna gyaran albasa a zaure kinka ce, "Inna, wataƙila ta ga ban isa ba ne, tana jin nauyin faɗa mini." Kin tuna abin da na ce? Na ce, "Sai haƙuri, haka Turawa suke." Na faɗi wannan a kan matar da ban taɓa kama ta da ƙarya ba, takardarta kuma tana cikin ɗakina. Gasar bara ta wuce ki. Shekara guda ta ƙuruciyarki ni na cinye ta.

Na gaya wa kaina tsoron bakin mutane nike yi, da tsoron ki tafi ki canza, ki bar salla, ki dawo baƙuwa. Duk akwai su. Amma tun da na ce zan faɗi gaskiya, bari in ƙarasa. Akwai hassada a ciki. Na ga ɗiyar cikina za ta shiga motar da ni na ƙi shiga, raina ya ƙi. Ban san uwa na iya jin haka ba sai da na ji.

Rifkatu ce ta fasa abin. Mun haɗu a taron malamai, ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya Kulu, yarinyar nan yaushe za ta tafi? Na ga tambarin Jamus a takardar nan, kowa kuma ya san saƙon can take jira."

Na ce ana shawara.

Ta tsura mini ido. Ta ce, "Kin ba ta, ko ba ki ba ta ba?" Na kauda kai. Ta ce, "Shekara ashirin na san ki, ban taɓa ganin kin riƙe sakamakon ɗan wani ba. Sai na taki? Ki ji tsoron Allah, Kulu."

Ranar da na dawo na ajiye takardar gaban babanki. Ya karanta, ya yi kwana biyu bai yi mini magana ba. Da ya buɗe baki ya ce shi bai ƙi ba, amma ba zai tsallake yayansa ba, kuma tun da ni na ɓata, ni zan gyara. Don haka na shirya na tafi Boyekai wurin baffanki Liman. Wannan karon na tambaya. Na durƙusa na faɗi kome. Ya ce sam, ɗiyar gidansu ba ta zuwa ƙasar Turai wasa. Na yi godiya na taso. Bayan mako biyu na koma da hotunanki na Kaduna, ya ga dogon wando da riga har gwiwa da kallabi. Ya tambayi wa za ta zauna wurinsa, na ce mace ce, dattijuwa, ta ci tuwo a gidan Malam Bube, Malam kuma ya yaba da halinta. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ban hana ba, ban kuma sa ba. In abu ya ɓaci, alhakin na kanki."

Na ce, "Na ɗauka, Malam."

Kuma na ɗauka, Luba. Duk maganar da za a yi a gidan suna da gidan biki, a bar mini ita, ina da bakin amsawa yanzu. Ke naki shi ne kada ki ba su abin faɗa na gaskiya. Ki riƙe sallarki ko a gefen fili ne. Ki riƙe suturarki, ba wanda ya taɓa rasa rami don ya rufe jikinsa. Ki taya Siliki aikin gida kamar yadda kike taya ni, kada ki zauna a yi miki hidima. Ki koyi harshensu ko da za su yi miki dariya.

Daga Boyekai ban wuce gida ba sai da na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi na kira lambar da ke cikin takardar. Ta ɗauka, na ce Kulu ce. Sai ta ce da Hausarta da ta tsufa, "Kulu, ina kwana?" Rana kuwa ta kusa faɗuwa. Munka yi ta kuka muna dariya. Na ce na yarda, ki ɗauke ta. Na roƙe ta kada ta faɗa miki dalilin jinkirin, na ce ni zan faɗa da kaina. Ta cika alkawari. Ni ce na yi ta ɗagawa har ga shi sai a takarda na iya.

Ban rubuto wannan don ki ce ba kome ba. Akwai kome. In kin ji haushina, ki ji, kina da gaskiya, kuma ba na so ki haɗiye shi don kawai ni na haife ki. Abin da ban yarda ba shi ne ki ɗauke shi ki shiga fili da shi, ko ki ce za ki dawo don kin ɓata rai, ko don tausayina. Kin tafi neman abu, ki tsaya sai kin ga ƙarshensa. In ba ki shiga bana ba, ki sake baɗi. Ina neman gafararki, ɗiyata, amma ba na gaggauta ki.

Allah ya kiyaye ki a sama da ƙasa, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da na zuciyarki. Allah ya ƙarfafa hannunki, ya daidaita idonki, ya ba ki haƙurin ranar faɗuwa da kunyar ranar nasara. Allah ya sa ki gama lafiya, ya maido mana ke da imaninki da mutuncinki. Na yafe miki duk abin da kinka taɓa yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba. Allah ya yi miki albarka.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan zauna a zaure da waya a hannu. Ki kira ni. In ba ki shirya yi mini magana ba tukuna, ki kira ki yi shiru, zan riƙe wayar har ki kashe. Juma'a mai zuwa ma ina nan.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hauwa'u Kulu